Ƙwaro na Takwas

"Ya ce in gaya maka laifin ƙwarinka ne," na ce, na dire farantin a kan teburin Afanasi.

Ya ɗaga ƙyallen da na rufe farantin da shi yana murmushi, don a zatonsa gurasa ce mai zafi na kawo masa kamar kullum. Da yatsunsa suka taɓa abin sai murmushin ya gudu. Allon cikin kwamfuta ne, kore, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ƙura ta kwanta a kansa har ta zama jiki.

"Wa ya ce?"

"Wa kake da shi a duniya da zai aiko maka da zagi a faranti? Yaya Mirsoat mana."

"Au, Maƙerin nan yana raye?"

"Jiya ka ci inabinsa."

"Inabi daban, shi daban."

Gidana ne a tsakiya. Ta dama gidan Yaya Mirsoat, ta hagu gidan Afanasi Ten, ɗan Koriyawanmu na nan Tashkent, wanda ya fi ni iya zagi da yarenmu. Ni Sanobar, gurasa ce sana'ata. Tun ina amarya a layin nan na same su kamar hanta da jini: ma'aikata ɗaya, sashe ɗaya na gyaran na'urorin awo, motar haya ɗaya safe da yamma. A shekarun da ƙasa ta birkice sai suka ƙudiri haɗa kwamfuta da hannunsu, irin wadda ake jona wa talabijin. Afanasi ya yi ta zarya kasuwar tsofaffin kaya har ya samo ƙwayoyin ajiya guda takwas, waɗanda kwamfuta ke riƙe abin da aka gaya mata a cikinsu. Baƙaƙe ne, kowanne da ƙafa goma sha shida, shi ya sa duk layin muke ce musu ƙwari. Yaya Mirsoat kuma shi ya liƙa su a allon da dalma, ƙafa bayan ƙafa, har hunturun ya fita.

Ranar da za a kunna ta sai da aka dafa palof, shinkafarmu ta biki mai nama da karas, aka gayyaci layi. Ta kama kuwa. Rubutu ya fito a talabijin, yara suka yi ta tsalle. Amma kafin shayin da ke gabanmu ya huce, rubutun ya watse, fuskar talabijin ta cika da ɗigo-ɗigon launi marasa kan gado. Wani daga baya ya tuntsire da dariya. Kunya ta kama Afanasi, ya ce a gaban mutane, "Ai liƙin maƙeri ne." Yaya Mirsoat ya ce, "Dillali ya kwaso matattun ƙwari, me kuke jira?" Maganar ke nan fa. A kanta suka yi sama da shekara talatin ba su ce wa juna ci kanka ba.

Ba gaba ce irin ta mugaye ba, shi ne ma abin haushin. In inabi ya nuna, Yaya Mirsoat zai ciko kwano ya miƙo mini ta katanga ya ce, "Kai wa wancan, ya yi mini yawa." Afanasi ya mayar da kwanon cike da karas mai yaji. Da matar Afanasi ta rasu, Yaya Mirsoat ne ya fara sa kafaɗa a akwatin gawa, ya kai har kabari, ya dawo gida bai ce masa uffan ba. Na sha gaya musu, kowa a gidansa, cewa jakin mai kawo mini itace ya fi su hankali. Dukansu sun yarda, amma kowa ya ce ɗayan nake nufi.

Abin da ya sa na ɗauki farantin nan ba gardama, Zebo ce, ƴar Yaya Mirsoat, ta same ni a bakin tanderu tana kuka. Likitoci sun sallamo mahaifinta, sun ce a kai shi gida ya ci abin da ransa ke so. Da na shiga duba shi, na tarar ya sa an sauko masa da allon daga saman kabad.

"Ƙanwata, kai masa wannan," ya ce. "Amma ki rantse ba za ki faɗa masa komai a kan ciwona ba."

"Haba Yaya, wannan wace irin taurin kai ce?"

"Ba na so ya shigo mini da tausayi. In zai zo, ya zo da faɗa."

Na rantse, ina rantsuwar ina jin haushin kaina. Tsoro ɗaya gare ni tun daga ranar: kada mutumin nan ya tafi ba su zauna wuri ɗaya ba.

To, Afanasi ya gama cika bakinsa, sai ya tashi ya ɗauko mitarsa, tsohuwa mai allura, da wayoyinta biyu masu tsinke, ja da baƙi. Ya jona wa allon wuta, ya lalubi ƙwaro na farko, ya ɗora tsinkayen a ƙafafunsa biyu. Hannunsa cak, ko gezau. Sai na ga ya kai fuskarsa dab da mitar har hancinsa na taɓa gilashi.

"Sanobar, allurar nan ina ta tsaya?"

"Kai ba ka gani ne?"

"Ina gani mana. Gwada ki nake yi."

Yanar ido ta rufe masa gani ya fi shekara, kowa ya sani, shi kaɗai ne bai yarda ba. Na ce masa a kan biyar ta tsaya.

"Bolt biyar cif. Ƙwarina suna cin abincinsu lafiya. Je ki gaya masa ya binciki hannunsa."

Haka na zama ƴar aike. Da safe in gama gurasa in kai allo hagu, da rana in mayar da shi dama. A gidan Yaya Mirsoat matsalar daban ce. Idonsa ras, yana hango allura daga kan gado, amma hannun ne ya ƙi. In ya kama tsinke sai ya yi ta rawa yana taɓa ƙafa biyu a lokaci guda, har sau ɗaya na ga tartsatsi. Ya ce wuta kaɗai ba ta isa shaida ba, mataccen ƙwaro zafi yake yi, in sa yatsa a bayan kowanne in gaya masa wanda ya fi zafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Duk sanyi ƙalau, Yaya."

"Sanyi? Allon da ya daɗe a kunne?" Ya kamo yatsana ya duba, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni ne wawa! Na aiki hannun da ke shiga tanderu kullum ya auna mini zafin ƙwaro. Ke ko garwashi aka ba ki ai cewa za ki yi sanyi ƙalau."

Ƙarshe da leɓe na yi ta taɓa su, yadda ake gwada madarar jariri, ina sunkuye kamar mai sumbatar allo. Zebo ta leƙo ta ce, "Inna Sanobar, lafiya?" Na ce ta tambayi babanta. Zafinsu duk ɗaya ne.

Saƙonnin kuwa, da farko na yi ƙoƙarin wanke su a hanya. Sai in ce wa Afanasi, "Ya ce yana gaishe ka, ka sake duba na uku."

"Ƙarya kike yi. Me ya ce?"

"Ya ce makahon dillali ma gwanda shi da kai."

"Yauwa," ya ce, yana gyara zama cikin jin daɗi. "Wannan shi ne. Ki ce masa na gode, kuma kofaton doki ya kamata a ba shi ya liƙa."

Ina kai wannan Yaya Mirsoat zai lumshe ido yana murmushi, ranar har ya sha romo rabin kwano. Amma jikin yana tafiya. Wuyansa ya zama siriri, hular kansa ta yi masa yawa. Ni kuma rantsuwa ta ɗaure mini baki. Gurasa ta ƙone mini tanderu guda saboda tunani, abin da ban taɓa yi ba ko a makon da mijina ya rasu. Na tsaya ina zagin su biyun da ƙarfi har mai kawo itace ya juya da jakinsa.

Wata safiya Yaya Mirsoat ya ce yana zargin wata ƙafa ɗaya, zai sake mata dalma. Na hana shi, ya ƙi. Zebo ta riƙe masa allon, ya yi abin da zai iya, ya koma ya kwanta yana haki. Na kai wa Afanasi.

Shi Afanasi tunda ido ya ƙi, da yatsa yake karanta allo. Ya kifa shi, ya soma shafa bayan, inda liƙin dalma ke jere. Yana shafawa yana mita, sai yatsan ya tsaya wuri ɗaya. Ya koma baya, ya sake dawowa.

"Wa ya taɓa allon nan?"

"Mai shi."

"Kar ki yi mini wasa. Wane yaro kuka ba?"

"Ba yaron da ya taɓa. Da idona na ga ya yi."

"Ba hannun Mirsoat ba ne wannan." Muryarsa ta canza. "Taɓa nan ki ji. Ji waɗannan, sumul, kowanne kamar ɗan'uwansa. A duk ma'aikatarmu ba mai liƙi irin nasa, daga wasu sassa ake zuwa kallo. Wannan kuwa dunƙule ne, hannun ya zame har sau uku."

"To ba kai ke ce masa Maƙeri ba?"

Ya ɗago ya dube ni da farin idon nan nasa. Ni kuma na dubi bango, don na rantse, amma hawaye ba su rantse wa kowa ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ni ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba."

Ya tashi ya naɗe wayoyin mitarsa, ya buɗe wani aljihun tebur ya ciro ɗan ƙullin takarda ya jefa a aljihu. Na miƙa hannu zan ɗauki farantin, ya ture ni. Da silifas ɗin ɗaka ya fita, ya wuce ƙofata, ina biye da shi kamar ƴar rakiya.

An shimfiɗa wa Yaya Mirsoat a gadon katako na tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi. Afanasi bai yi sallama ba. Ya tsaya a kansa ya ce, "Matsa."

Yaya Mirsoat ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka tsufa, Dillali."

"Kai kuma ka yi kyau, kamar busasshen kifi. Wane ɗanyen aiki ne wannan ka yi a ƙafa ta huɗu?"

"In ka iya, gyara."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Ba gaisuwa na zo ba."

"Wa ya ce ka gaishe ni?"

Zebo ta toshe baki da gyale ta ruga ɗaki. Ni na je na ɗora shayi, don ƙafafuna sun ƙi tsayuwa wuri ɗaya.

Daga ranar aikin ya koma ƙarƙashin inabi. Aka fito da tsohuwar talabijin aka ɗora a kan kujera. Afanasi ne hannu, Yaya Mirsoat ne ido. Kowane ƙwaro gwaji biyu ake yi masa, har ni sai da na haddace. Na farko a kashe wuta, a ɗora tsinke ɗaya a kafaɗar ƙafa, ɗayan a layin tagulla da ke ƙasa. In liƙin lafiya, allura za ta tafi can ƙarshe ta kwanta. In ta ƙi tafiya ko ta yi rawa, to dalmar ce ta tsage, laifin Maƙeri ke nan. Na biyu shi suke kira goyo. Ashe abin da ke cikin ƙullin takardar Afanasi ƙwaro ne lafiyayye, na tara, da ya adana duk shekarun nan bai gaya wa kowa ba. Sai a ɗora shi a bayan wanda ake zargi, ƙafa kan ƙafa, a kunna, a jira allo ya ɗumama. In ɗigo-ɗigon suka daina fitowa, na ƙasan ne matacce, laifin Dillali ke nan.

"Hagu kaɗan. Hagu na ce! Kai ba ka san hagunka ba?" in ji Yaya Mirsoat.

"Hagunka ko haguna?"

"Yauwa, nan. Ta tafi ƙarshe. Ta gaba."

Mai lafiya zai gama duka takwas kafin a kira la'asar. Su kuwa ƙwaro ɗaya suke yi a wuni, wani lokacin rabi. Da farko na ɗauka gajiyar Yaya Mirsoat ce. Daga baya na lura in ya ce a ci gaba, Afanasi ne ke cewa yatsansa ya sage. In Afanasi ya kama tsinke, Yaya Mirsoat ya tuna labarin wani shugaban sashensu mai kwana a kan kujera, ko ranar da suka ɓata a dutse wajen kamun kifi, kowa na cewa ɗayan ne ya ɓatar da su. Shekara talatin na hira suka tara, ba su san ta inda za su fara ba, sai suka riƙa fara ta daga tsakiya. Ban taɓa son mutanen nan biyu kamar a kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin haushin asarar da suka yi kamar lokacin ba.

Bakwai suka wuce lafiya, liƙi lafiya, ƙwari lafiya, ɗigo-ɗigo na nan. Saura na takwas. Ko yaro ya san amsar tana wurinsa: in ƙafa ɗaya ta yi rawa, Mirsoat ne. In duk goma sha shidan suka tafi ƙarshe, ba sai an yi goyo ba ma, ƙwaron Afanasi ne.

Ranar Yaya Mirsoat ko romo bai sha ba. Sai da muka tokare shi da matasai uku kafin ya iya ganin mitar. Afanasi ya ce a bari sai gobe.

"Yau," in ji Yaya Mirsoat. Muryar ta zama zare. "Kama aikinka."

Suka fara. Ta tafi. Ta gaba. Ta tafi. Ina tsaye a bayan Yaya Mirsoat da butar shayi, ina ganin abin da yake gani. Gumi ya keto wa Afanasi a goshi duk da sanyin kaka. Suka zo ƙafar ƙarshe. Ya lalube ta, ya ɗora ja a sama, baƙi a ƙasa.

Allura ta tafi can ƙarshe ta kwanta, kamar sauran. Da idona na gani. Liƙin Yaya Mirsoat ba shi da aibu ko ɗaya, shi ke da gaskiya tun ranar palof.

Ya daɗe yana kallon ta.

"To?" in ji Afanasi. "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Batirin mitarka ya mutu."

"Batirin da ya yi aiki yanzun nan?"

"Yanzun nan ya mutu. A wurin wa ka saya? Wani dillali irinka, ko?"

Afanasi mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin na'urorin awo, ba a yi masa irin wannan ƙaryar. Tsinkayen suna nan a inda ya ɗora su. Yaya Mirsoat ya miƙa nasa hannun ya dafa wuyan hannun Afanasi, kamar zai ɗage tsinken, sai ya bar shi a wurin.

"Gobe ka zo da sabo," ya ce.

"Gobe zan zo da sabo, Maƙeri."

Washegari ina cikin ciro gurasar farko na ji kukan Zebo ta katanga. Yaya Mirsoat ya cika bayan sallar asuba, cikin sauƙi, kamar mai komawa barci.

Kwana uku ba a hura wuta a gidan rasuwa, don haka na ci gaba da aikin tanderu ina kuka, ina aika musu. Maza suka soma jera benci a layi. A wurinmu mazan jinin mamaci ne ke tsayawa a ƙofar gida, sanye da jabba mai auduga, da ɗamara, kowa riƙe da sanda, su ake yi wa ta'aziyya. Yaya Mirsoat kuwa ƴaƴa mata Allah ya ba shi, ƴan'uwansa maza duk sun riga shi, ɗan ƙaninsa guda yana can Rasha bai samu jirgi ba. Dattawa suka tsaya suna shawara ƙasa-ƙasa.

Sai ga Afanasi a ƙofata. Daga kanti yake, a hanya ya ji.

"Sanobar, jabbar marigayi mijinki tana nan?"

Na ɗauko masa ita da ɗamarar da hularsa. Ta yi masa tsawo har tana jan ƙasa. Ɗamarar ta gagare shi, don hannunsa na hagu a dunƙule yake ya ƙi buɗewa, ni na ɗaura masa. Ya fita ya tsaya a ƙofar Yaya Mirsoat, ta dama, inda babban ɗan'uwa ke tsayawa.

Wani dattijo ya matso ya ce a hankali, "Afanasi, wurin nan na dangi ne fa, ka sani."

"Na sani."

Kafin dattijon ya ƙara magana, Zebo ta miƙo sanda ta bayan ƙyaure. "Baffa, ga ta," ta ce. Dattijon ya dubi sandar, ya dubi Afanasi, sai ya ja da baya, ya zama shi ne na farko da ya rungume shi ya yi masa ta'aziyya.

Mai riƙe da sanda shi ke kiran mamaci da ƙarfi, layi ya ji. Afanasi ya buɗe baki sau biyu, ba abin da ya fito. A na uku ya ce, "Wayyo yayana," a hankali, ni da ke kusa kaɗai na ji.

Da rana ta ɗaga na kai masa shayi. Hannun dama na kan sanda, dole ya buɗe na hagu. Batiri ne sabo, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ya dube shi kamar bai san inda zai ajiye ba, sai ya cusa shi cikin ɗamara, ya karɓi shayin, ya juya wajen mutanen da ke tahowa daga bakin layi.